Dabinon Yaron Nan

Gwaggo Hure yayar mahaifina ce. A Toranke ta yi aure, a nan ta tsufa, a nan aka binne ta. Ba ta taɓa hawa bishiya ba, ko tsani ba na jin ta taɓa takawa, amma duk mai hawan dabino tsakanin Toranke da Balan sai ya durƙusa a ƙofar ɗakinta kafin ya ɗaura igiya a ƙugu. Ni kuwa Inuwa, ɗan ƙaninta, ina da satifiket na aikin gona mai jan hatimi, kuma ni na kashe bishiyar da ta fi ƙauna a duniya. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, don har gobe a Toranke ba a rasa mai son ya riga ni.

Kakanmu Malam Bala mai dabino ne a bakin fadama. 'Ya'yansa maza uku duk suka guji ƙaya. Babana ya tsere Kano ya koyi ɗinki, shi ya sa aka haife ni a birni, na tashi ban san dabino ba sai a faranti, da azumi. Hure ce ta liƙe wa tsohon. Yana sama tana ƙasa da ƙwarya, yana jefo magana tana cafewa. Da ta yi aure ta shiga kulle, sai ya zama bishiyoyin ne ke zuwa wurinta: mutum ya yanko ganye ya aika mata cikin gida, ta juya shi, ta shinshina, ta aiko da amsa. Da mijinta ya rasu, ta kuma manyanta har ba mai tambayarta ina za ta, sai ta ɗauki sanda ta koma bin gindin bishiyoyi da ƙafarta.

Ba ta fara duba bishiya daga sama. Ƙasa take kallo. In ta ga tuƙa a gindi, irin wadda mai shan rake ke tofarwa, ta san buzuzu mai ƙaho ya shiga yana huda. In sabon ganye ya fito a yanke kamar an sa masa almakashi, shi ne dai. Sai ta kira Malam Da'u, mai hawa mata, ya hau da wayar keke da aka lanƙwasa bakinta, ya zaƙulo ƙwaron, ya cika ramin da hammatar kowane reshe da yashi da toka. In ganyen ƙasa ne ya yi rawaya, ta ce tsufa ne, a bar shi ya bushe don kansa. In 'ya'ya na zubewa tun suna kore, babu ƙwallo a ciki, ta ce barbara ce ba ta kama ba, furen namijin da aka ɗaura wa macen ya kwana biyu. Da'u na can sama yana fama da ƙaya, ita tana ƙasa tana nuni da sanda.

"Da'u, hagunka na ce! Ko a sama ma hannun tuwo kaɗai ka sani?"

Magana ɗaya take nanatawa. Dabino zuciya ɗaya gare shi, can a tsakar ka, inda sabon ganye ke fitowa. Mangwaro in ka sare kansa zai yi tofo, amma dabino in zuciyar nan ta ruɓe an gama. Na ji wannan da kunnena ya fi sau ashirin. Ina jin duk lokacin da take faɗa, ni ina gyara karin hulata ne.

'Ya'ya biyu Allah ya bar mata, Barau da ƙanwarsa Larai. Barau ɗan fari ne, saboda haka ba ta faɗin sunansa, kamar yadda iyayenmu mata suke yi don kunya. "Yaron nan" take cewa. Ko wani Barau ne daban ya yi sallama, sai ta ce a shigo da mai sunan yaron nan. Shekarar da aka sami mulkin kai wani alhaji ya dawo daga Makka ya raba tsarabar dabino, Barau ya sami uku. Ya cinye, ya binne ƙwallayen a bayan ɗakinta, kusa da rijiya, inda take alwala. Ta ce masa wahalar banza yake yi, ƙwallo ba shi da tabbas, sai ka yi shekara bakwai kana ban ruwa ya fito namiji, ko ya fito mace mai 'ya'ya salam. Mai son dabinon kirki ɗan gindi yake cirewa daga uwar da ya sani, ya dasa, don shi ne ke ɗauko uwarsa sak. Barau ya ce ya ji. Ɗaya daga ciki ya tsiro, ita kuma da ta ce wahalar banza ce, ita ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

A shekara ta takwas, da sanyi, bishiyar ta yi fure, ta fito mace. Gwaggo ta aika Balan aka samo furen namiji, Barau da kansa ya ɗaura. Lokacin ana cikin yaƙin basasa, ana ɗibar samari soja. Nonon dabinon yana kore shar Barau ya hau mota a Gaya zai tafi soja, ya ce a ajiye masa na fari. Da dabinon ya nuna, duk wanda ya sa a baki sai ya nemi ƙari. Ga tsoka, ga laushi, ƙwallon ɗan siriri. Tsofaffin da suka san gonar kakanmu suka ce ba su taɓa cin irinsa a ƙasar Gaya ba. Gwaggo ta ɗauki ƙwayar farko ta sa a wani ɗan kwano mai murfi ta ajiye a ƙarƙashin gado.

Wasiƙa biyu Barau ya aiko, daga nan shiru. Yaƙi ya ƙare, na Ajingi suka dawo, na Kademi suka dawo, wani da ƙafa ɗaya, wani da rediyo. Barau babu shi, babu gawarsa, babu wanda ya ce ya ga inda ya faɗi. Malamai suka ba ta shawara a yi masa addu'ar mamaci, ta ce wa ya gaya musu. Kowace shekara dai ƙwayar farko sai ta shiga kwanon nan kafin kowa ya ɗanɗana. Bishiyar kuma ba ta da wani suna a bakinta sai "ta yaron nan".

A haka na same su a 1972, lokacin da aka turo ni ƙasar Gaya malamin gona. Shekarata ashirin da uku, ina da kaki mai guga, da keke mai ƙararrawa biyu, da biro uku a aljihu, biyu ba sa rubutu. Na sauka a shagon zauren Gwaggo. A makaranta gyaɗa muka karanta, da auduga, da takin zamani. Dabino rabin shafi aka ba shi a littafinmu, hoton da ke wurin ma na kwakwar manja ne ta Kudu, an share gindinta fes. Amma ni a ganina duk abin da ke da saiwa a ƙasar nan yana ƙarƙashin ofishina.

Da damina ta kankama Larai ta haifi tagwaye a Kademi, aka aiko Gwaggo ta je ta zauna mata har arba'in. Ranar da za ta tafi ta kira ni bayan ɗaki.

"Malamin gona," ta ce. Haka take kirana, ni kuma ina jin daɗi, ban gane tsiya ce ba sai daga baya. "In an kwana huɗu ba a yi ruwa ba, ka zuba mata tulu biyu. Ban da wannan kada ka taɓa ta."

"Haba Gwaggo, ai aikina ne. Shekara biyu na yi ina karanta shi."

"Na sani. Shi ya sa na ce kada ka taɓa ta."

Kwana bakwai na daure, kuma ina so a rubuta mini ladansu. A na takwas na tsaya na ƙare wa bishiyar kallo da littafi a hannu. Ganyen ƙasa rawaya. Gindi cunkus da 'ya'ya uku, kowanne ya kai ƙuguna. Nan take na gano cutar: yunwa ce, ga kuma 'ya'ya suna shanye wa uwa abinci. Har tausayin Gwaggo ya kama ni, baiwar Allah, shekara da shekaru tana fama ba ilimi. Na ƙudura kafin ta dawo sai bishiyar nan ta zama irin ta hoto.

Na aro tsani da adda. Na sare rawayen, na ga kai bai daidaita ba, na ƙara da koraye, na ga ɗaya gefen ya fi, na rage shi, irin askin wanzamin da ke koyo. 'Ya'yan gindin nan uku, waɗanda Gwaggo ta shekara huɗu tana jira su yi saiwa ta dasa, na daddatse su na watsa bayan danga, rana da awaki suka ƙarasa. Sannan na sa aka kwaso mini mangala shida na taki daga tsohon jujin bayan gari, na tula a gindin har ya kai gwiwa.

Ina cikin baza takin Malam Da'u ya leƙo ta kan danga. Ya dubi kan bishiyar, ya dubi ƙasa, ya ga fararen tsutsotsi masu kaurin babban yatsa suna motsi a ciki.

"Malam, wannan ai gwazarma ce. Ita ce ke zama buzuzu. Ga shi kuma ka buɗe masa ƙofofi a sama."

Na yi murmushin da na koya a wurin shugaban makarantarmu. Na bayyana masa cewa tsutsar cikin ƙasa abokiyar manomi ce, tana sassauta ƙasa, an yi bincike. A kan tana, siririyar tsutsar damina, aka gaya mana haka, amma ni na ɗauka duk dangi ne. Da'u ya girmi babana, sai dai ni ke sanye da kaki, kaki kuwa a lokacin hukuma ne. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya tafi. Daga baya ya ce mini ya so ya aika Kademi, ya ji nauyin haɗa gwaggo da ɗan ƙaninta faɗa.

A mako na uku na fito da safe na ga tuƙa a kan takin. Na ɗaga kai, sabon ganye ya fito da yankan almakashi. Wallahi na san ko mene ne, na kuma san maganinsa, don na sha ji. Gidan Da'u bai fi taku ɗari ba. Da na je na ce, "Baba Da'u, ka yi gaskiya, ɗauko wayarka," da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Amma yaya mai satifiket zai je neman wayar keke? A shagona akwai gwangwanin maganin feshin auduga. Takardar jikinsa ta ce a zuba murfi ɗaya a garwar ruwa. Na ce wannan don ƙananan ƙwari ne, mai ƙaho sai a yi masa mai gaba ɗaya. Na hau tsani na tuttule gwangwanin duka, ba sirki, a tsakar kan bishiyar, daidai inda aka ce zuciya take.

Buzuzun dai ya mutu, wannan ba a isa a ƙwace mini ba.

Bayan kwana goma sababbin ganyen suka koma ruwan ƙasa. Na yi ta zuba ruwa, tulu biyu, tulu biyar, tulu goma, ana ruwan sama ina ƙarawa. Ranar da Gwaggo ta dawo, bayan la'asar, ko ƙunshin kayanta ba ta sauke a ɗaki ba ta zagaya baya. Ina biye da ita da jawabin da na kwana uku ina shiryawa, har da kalmomin Turanci biyu. Ta dubi ƙasa, kamar kullum. Ta daɗe kafin ta ɗaga kai. Ta sa aka kira Da'u, ya hau, ya kama ganyen tsakiya ya ɗan ja, sai ga shi ya taho a hannunsa, gindinsa baƙi, yana ɗiga. Warin ya sauko har inda muke. Da'u ya sauko bai dubi kowa ba.

Ta zagaya gindin tana neman 'ya'yan, ta ga kututturansu. Na buɗe baki, jawabin ya gudu. Na so ta zage ni. Na so ta ɗaga sandar nan ta sauke mini a ka, da na sami sauƙi. Ba ta ko kalle ni ba. Ta dafa bishiyar da tafin hannu, ta ce a hankali, ba da ni take ba:

"Yanzu in ya dawo, me zan ce masa?"

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ban sake ji ba.

Kafin kasuwar Ajingi ta sake ci, sunana ya koma Likitan Dabino. In na tara manoma ina bayanin takin zamani, sai wani daga baya ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Malam, shi ma irin na gidan Hure ne?" Na rage biro ya koma ɗaya.

Kwana uku Gwaggo ba ta ce mini komai ba sai amsa gaisuwa, tuwona kuma bai fasa zuwa zaure ba. A na huɗu ta ce in kwashe takin nan, da hannu, kada in sa fartanya, gwazarmar kuma in tara wa kaji. Na tuɓe kaki na durƙusa. Tana zaune a kan turmi tana kallo. Na kusa gamawa, a gefen da ke fuskantar danga, hannuna ya taɓa wani ɗan tsiro fari fat, bai fi tsawon tafin hannu ba, ya lanƙwashe saboda nauyin taki. Na ce a raina ciyawa ce, na kama zan tuge. Ban san tsohuwa na da sauri haka ba. Sandar da na yi ta roƙo ranar nan sai yau ta sauka, a kan wuyan hannuna.

Ta durƙusa ta tone gefensa da yatsa. Ɗan gindi ne na huɗu, ƙarami, ya ɓuya a bayan 'yan'uwansa, addata ba ta gan shi ba. Ya fitar da saiwa biyu nasa na kansa. Ta daɗe tana shafa shi, sannan ta dube ni, karo na farko tun dawowarta.

"Malamin gona, a aikinka duka, wannan da ba ka gani ba, shi ne mai kyau."

Ta sa ni da Da'u muka sare uwar a hankali, muka faskara muka ƙone, don mataccen kututture gidan buzuzu ne. Ba ta fito ba ranar. Da muka gama ta kira ni ta ce ɗan tsiron nan ni zan raine shi, tunda ni na mai da shi maraya.

Shekarar da ta biyo ita ce ta babban fari. Gero ya bushe a tsaye, rijiyar gidan ta ƙafe har ana ganin guga a kan laka. Ruwa sai a wani rami can cikin fadama, inda mata ke layi tun sassafe. Kullum kafin in tafi aiki sai in ɗaura garwa biyu a keken nan mai ƙararrawa biyu, in shiga layin mata, Likitan Dabino guda, ana yi mini sannu da aiki ana ƙunshe dariya. Garwa ɗaya ta gida, ɗaya ta tsiron. Akwai ranar da na ga Gwaggo ta yi taimama alhali da sauran ruwa a butarta, ta faki idona ta juye masa. A shekarar aka yi mini tayin komawa babban ofis a Kano, kujera da fanka. Na ce ina da mara lafiya a gida, ban faɗi ko wane ne ba.

Ni da na zo koyar da mutane, sai ga ni a bayan Gwaggo ina riƙe mata ƙwaryar toka. Da'u ya koya mini hawa, ƙaya ta koya mini sauran, ga tabonta nan a hannuwana. Na iya zaƙulo buzuzu da waya, na iya shinshina furen namiji in san ko ya kwana. Ita kuwa idonta ya yi ta raguwa, har ya zama da hannu take duba tsiron, tana ƙirga rassansa kowace Juma'a. Shekara biyar ba abin da ya shiga ɗan kwanon nan. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa mantawa ba.

Da sanyin 1978 ya yi fure, ƙasa-ƙasa, inda hannunta ke kaiwa. Na hau keke na je Balan na samo furen namiji, ta shinshina ta ce ya yi, na ɗaura tana riƙe da gefen rigata tana ba da umarni. Nono biyu ya kama. Da zafi ya tsananta, gab da faɗuwar ruwa, wata safiya na ga ƙwaya ɗaya ta yi laushi ta yi duhu. Na tsinke ta da hannu biyu, na shiga ɗakin Gwaggo, na jawo kwanon daga ƙarƙashin gado na ajiye a gabanta tare da ita.

Ta buɗe murfin. Ƙwaya biyar ne a ciki, sun bushe sun ƙanƙance. Ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki sabuwar ta juya ta a yatsunta, ta kai hanci, ta gyaɗa kai. Ina jira in ji ƙarar faɗawarta cikin kwano in tashi in tafi aiki.

"Inuwa, miƙo hannunka."

Ban tuna ranar da ta kira ni da sunana ba. Na miƙa, ta sa mini ita a tafi, ta naɗe yatsuna a kai.

"Gwaggo, ai ta fari ce. Ta yaron nan ce."

"Barau ba zai dawo ba," ta ce. "Ci."

Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, kuma ta faɗe shi a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe. Na sa dabinon a baki. Tsofaffi ba su yi ƙarya ba, ga tsoka, ga laushi. Ta tambaye ni ko ya ɗauko uwarsa, sai kai nake gyaɗa wa makauniya. Ta mai da murfin kwanon ta rufe, ta ce in na fita in biya wa liman, in ce masa Hure ta shirya, a sa ranar addu'a.